Jinin da ke Kwanciya a Ƙarƙashin Tantanin Ƙwaƙwalwa



Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, wajen mililita 750 a minti guda. Ba ta da rumbu, abin da ya iso shi take ci. Don haka muka zaɓi mu yi magana a kan jinin da kan tsiyaya a ƙarƙashin tantanin nan nata mai kama da saƙar gizo.

Tsiyayar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta rauni, kamar a hatsarin babur. A cikin waɗanda ba rauni ya jawo ba kuwa, kimanin 10 cikin 100 ɗan jini ne kan taru a gaban kututturen ƙwaƙwalwa. Likitoci a ƙasar Holan suka bayyana wannan a 1985; da wuya ya tauye gudun jini, kuma galibi akan warke sarai.

Mai ban tsoron ita ce ta fashewar wani ƙululu a bangon jijiya, wajen 85 cikin 100. Nan take kai ya sara irin saran da mutum bai taɓa ji ba, matsi ya hau cikin ƙoƙon kai har jini ya kasa shiga, shi ya sa wasu kan suma. Wuya kuma kan sanƙare, abin da a ƙasarmu kan sa a zaci sanƙarau ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Daga wajen kwana na 4 zuwa na 14, jijiyoyin da jinin ya kwanta a kansu sukan tsuke, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya shiga yunwa. Majinyacin da jiya ya ci tuwo yana raha, yau sai hannu ya mutu ko magana ta sarƙe. A daidai kwanakin nan ne dangi, ganin sauƙi da nauyin kuɗin gado, kan matsa a sallame shi. Mu da ake kira 'yan boko a gida, mu za a tambaya.

Amsarmu ita ce a bar shi a asibiti. Can ake toshe ƙululun kada ya sake fashewa, a riƙa auna gudun jini ta gefen kai da na'urar sauti da aka fito da ita a 1982, a kuma ba shi maganin nimodifin har kwana 21.