Rubutu Shi Ne Kunnen Kurma



Rediyo yakan faɗi ranar rigakafi. Mai kunne ya ji, kurma bai ji ba, sai ɗansa ya rasa. Haka bidiyon waya: kurma yana ganin baki na motsi, bai san abin da ake faɗi ba.

Magani biyu ne. A sa mai maganar hannu a gefen hoto, ko a rubuta maganar a ƙasansa da Hausa. Amma rubutu sai wanda ya iya karatu.

To, ku kawo manyan kurame aji. Yara kuwa, akwai makarantarsu a Tudun Maliki, Kano, tun 1977. Wanda ya ji sanarwa, ya rubuta wa maƙwabcinsa kurma.

Allah ya taimake mu, amin.