Iska kyauta ce, wutarta da kuɗi

 

Ƴan uwa matasa, maza da mata, an ce in yi muku bayani a kan wutar lantarkin da ake samu daga iska da kuma daga cikar teku: me take kawowa, me take ci. Na san wani zai ce a ransa, malam, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Ku yi haƙuri, za mu iso gida. Kafin nan ku tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana layi. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da NIGELEC ke rabawa daga can yake zuwa. Mai walda ya zauna, tela ya koma keken ƙafa, ƙanƙara ta yi tsada. Tun daga lokacin, inda wutarmu za ta fito ya zama maganar kowa.

Mu fara da iska. Kun san gurup: sayensa da ɗan sauƙi, amma kullum sai ka ba shi gazwal. Farfelar iska akasin haka take. Kusan duk kuɗinta kafin ta juya ake biya: ƙarfe, siminti, hanya, waya. Daga nan sai ta yi shekara 20 zuwa 25 tana aiki ba ta neman mai. Kamar mai gina rijiya ne da mai sayen ruwa wurin ɗan garuwa. Kuma da yake da bashi ake irin wannan aiki, kuɗin ruwan da banki ya ɗora da shekarun da aka ɗauka kafin a gama su ke yanke farashin wutar. Farfela iri ɗaya, iska iri ɗaya, amma ƙasar da masu ba da bashi ke tsoro sai wutarta ta fi tsada. Duk da haka, daga 2010 zuwa 2023 farashin wutar iska ta kan tudu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 a duniya.

Wani abu da ya kamata ku riƙe: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Shi ya sa ba a kafa farfela don an ga iska ta ɗauke hular wani. Sai an kafa dogon ƙarfe an auna shekara guda ko fiye.

A Sanigal, a Taïba N'Diaye, an buɗe farfela 46 a 2020, masu ƙarfin megawat 158, kuma sun ƙara wa ƙasar kusan kashi 15 cikin 100 a kan abin da take da shi. Kowane fiffike ya haura mita 60. Su Dakar na kusa da su. Mu kuwa, ku yi tunanin jawo wannan abu daga Kwatano a bayan mota. Wannan ma kuɗi ne.

Kenya ta fi su girma: farfela 365 a gefen tafkin Turkana, megawat 310. An gama kafa su a 2017, amma layin da zai kai wutar, mai tsawon sama da kilomita 400, bai ƙare ba sai ƙarshen 2018. Iska na kaɗawa, injuna na tsaye, kuma ƙasar ta biya diyyar wutar da ba wanda ya kunna ko ƙwai ɗaya da ita.

Misalin da ya fi taɓa ni yana nan kusa, a Lambar Rimi, gaba da Katsina kaɗan. Farfela 37, megawat 10 kacal. Tun Umaru Musa Ƴar'adua yana gwamna ake maganarsa. A watan Disamba na 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin, komai ya tsaya, aikin ya yi ta jan ƙafa sama da shekara goma. Ƙarfe ya yi ta tsufa a rana, ba wuta. To kun ga tsaro ma yana cikin farashi.

Yanzu teku. Sau biyu a yini ruwanta yana cika yana janyewa, kuma jan wata ne babban dalili. Ku da kuka saba duban wata za ku gane da wuri: cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Darajarta ke nan. Iska ba ta alkawari, amma cikar teku ana iya rubuta jadawalinta na shekaru masu zuwa, awa da minti. Ga shi ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, ƙaramin inji sai ya yi babban aiki.

A 1966 Faransa ta tare bakin kogin Rance da madatsa, inda ruwa kan tashi har mita 13. Megawat 240. Tuni ta biya kuɗin gininta, har yau tana ba da wuta mai araha, sai dai laka ta taru a bakin kogin, mazauna wurin na kuka da ita. Koriya ta Kudu ta yi tata a Sihwa a 2011, megawat 254, ita ma don ta tarar da madatsar a gine. Amma a 2018 gwamnatin Biritaniya ta ƙi aikin Swansea na fam miliyar 1.3, ta ce da wannan kuɗi wutar iska ta fi riba. A ganina lissafinta na shekara ashirin daidai ne. In da lissafin shekara ɗari ta yi, da Rance ta ba ta amsa. Matsalar ita ce banki ba ya jiran shekara ɗari, gishiri kuma ba ya tausayin ƙarfe.

Mu dawo gida. A 2022 aka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy don kafa farfela har 60 a yankin Tarka, jihar Tawa, megawat 250. Ku gwada da tashar hasken rana ta Gorou Banda, megawat 30, ko ta Malbaza mai 7. Amma kar adadin ya ruɗe ku. Farfela ba ta ba da cikakken ƙarfinta kullum. In an haɗa lissafin shekara, wajen kashi ɗaya cikin uku ake samu, in wurin na da kyau a ɗan haura. Kuma iskarmu ta fi ƙarfi da hunturu, alhali mu da bazara muka fi neman wuta. Sai an haɗa ta da rana, da batir, da wata tasha mai jiran ko-ta-kwana, kowanne da kuɗinsa.

Saboda haka ranar da kuka ji an zo garinku da irin wannan magana, ku tambaya: shekara nawa aka auna iskar, wa zai ja layin kuma yaushe, nawa NIGELEC za ta sayi kilowat ɗaya, me za a ba mai gonar da aka kafa ƙarfe a cikinta. Aikin gini na ɗaukar mutane da yawa, amma shekara biyu ne ya wuce. Wanda ke ɗorewa shi ne na gyara, na mutane kaɗan masu hawa sama da mita 100 su duba inji su wanke ƙurar hunturu. Masu karatun lantarki da kanikanci a cikinku, wannan gurbin nake so ku nema.