Kyauta Mai Ɗauke da Sunan Shago: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu, gama su ne masu jama'a, kuma ƙofarsu a kan nufa da ƙara in ciniki ya lalace. Abin da za a yi bayani a kansa ƙarami ne a ido, watau 'yar kyautar nan da ɗan kasuwa ya kan ba abokin cinikinsa da sunan shagonsa rubuce a jiki. Amma fa ta shafi abincin mutum biyu, mai shagon da ke tsoron kada a manta da shi, da mai sana'ar hannu wanda kayan waje suka ƙwace masa kasuwa.

Asalin Al'amarin

Kyauta a cikin ciniki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai awo in ya cika tiya ya kan ƙara gyara, mai goro ya kan ɗora ɗaya ko biyu bisa ƙwarya, fatoma kuwa ba ya sallamar baƙonsa hannu banza. Duk sun san alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Aibin gyara ɗaya ne, a kan cinye shi ran nan, bayan kwana biyu ba a tuna wanda ya bayar.

Manyan kamfanoni su kan sayi lokaci a rediyo da talabijin, su kafa alluna a bakin hanya. Tela da mai injin niƙa da mai gyaran babur ba su da wannan ƙarfi. Amma tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ciniki da yawa ya koma ta waya. Wanda lambarsa ke kusa da hannun mai saye, shi a kan kira. Saboda haka dabarar ita ce a mai da gyara ya zama abin da zai daɗe a gida ko a aljihu, yana ɗauke da sunan shago da lambar waya.

Abin da Ya Cancanci a Bayar

Sharuɗɗa uku ne. Na fari, ya zama abin da a ke amfani da shi kullum. Na biyu, ya zama mai ƙarko, domin kyautar da ta yage ran da aka ba da ita zubar da mutuncin mai ita ta ke yi, mai karɓa ya ce haka sauran kayansa su ke. Na uku, kuɗinsa ya yi daidai da ƙarfin mai bayarwa.

Har wa yau ya kamata kyauta ta dace da sana'a. Mai gyaran babur ya ba da mariƙin makulli, gama ran da babur ya tsaya a daji makullin na hannun mai shi, lambar makanike kuwa tana jiki. Mai sayar da kayan masarufi ya ba da jakar cefane ta yadi, wadda za ta riƙa zaga kasuwa da sunansa. Mai sayar da taki da iri ya ba da kalanda. Mai abinci ya ba da mafici. Wanda ya ba manomin da ba ya rubutu biro, ya yi asarar kuɗinsa.

Yadda A Ke Yin Su

Mafi araha duka shi ne hatimin roba. Sau ɗaya a ke yanka shi, sa'an nan a riƙa buga shi a kan rasit, da takardar ƙunshe kaya, da ɗan katin da a ke cusawa cikin kaya. Wanda bai taɓa yin irin wannan talla ba, da shi ya kamata ya fara.

Sai aikin fata, wanda a nan ne ƙasar ta fi ƙarfi. Jar fatar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, tun zamanin da fatake ke ƙetare Sahara da ita, har mutanen Turai suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta ke isa gare su. Mariƙin makulli ba ya bukatar fata sukutum. Guntayen da ke ragowa wurin dukawa da masu ɗinkin takalma, irin na Ƙofar Wambai a Kano ko Naraguta kusa da Jos, sun isa. A kan sa maƙeri ya yi tambari na ƙarfe ko na tagulla, haruffansa a juye, domin in an buga su fito daidai. Fatar da aka jeme da bagaruwa ita ta fi karɓar tambari. A ɗan jiƙa ta, a bari ruwan ya shige, a ɗora ta bisa abu mai tauri, a aza tambarin a buga da guduma sau ɗaya da ƙarfi. In ta bushe, rubutun ya zauna ke nan. Sai a huda, a sa zobe, a ɗinke baki.

Na uku, bugu a kan yadi, irin wanda masu buga rigunan 'yan makaranta ke yi. A kan ɗaure yadi mai ƙananan huji a jikin firam na katako, a toshe hujin duka sai inda rubutu zai fito, a ɗora bisa jaka, a zuba tawadar yadi, a ja ta da faffaɗar roba. In ta sha iska sai a bi ta da dutsen guga don kada wanki ya fitar da ita. Abin lura a nan shi ne kowane launi da nasa firam, saboda haka launi biyu ya kusa ninka aiki. Launi ɗaya mai duhu a kan farin yadi ya wadatar. Jakar kuwa telan unguwa zai ɗinka ta da ragowar yadi.

Na huɗu, aikin mata da na masu sassaƙa. Mafici da faifai na kaba, in an ɗinka musu ɗan guntun fata mai tambari, sun zama talla. Ƙoƙo da ludayi a kan zana musu suna da wuƙa mai zafi, kamar yadda a ke yi wa ƙwaryar nono ado tun da daɗewa.

Na biyar, kalanda. A da ɗab'i abu ne mai nisa, sai a wurare kaɗan irin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945. Yanzu kuwa da wuya a sami babban gari da ba shi da mai kwamfuta da injin ɗab'i. Kalanda ta falle ɗaya ta fi araha, kuma ta fi amfani in an haɗa kwanan watan Musulunci da na Turawa, aka nuna ranakun kasuwannin gundumar. Irin wannan shekara guda ta kan yi a bango.

Akwai kuma wata daraja ta musamman ga manyan abokan ciniki, watau a sa sunansu su ma. Baduku mai haruffan ƙarfe ɗai-ɗai zai iya buga sunan mutum a bayan mariƙin makulli cikin ɗan lokaci. Mutum ba ya yar da abin da ke ɗauke da sunansa. Amma ba kowa za a yi wa wannan ba, mutum goma ko ashirin waɗanda cinikin shago ya dogara a kansu sun isa.

Lissafi

Nan ne yawancin masu ƙaramin jari su kan yi tuntuɓe. Kuɗin aiki kashi biyu ne: akwai wanda a ke biya sau ɗaya, kamar na tambari ko firam, akwai kuma na kowace ƙwaya. Ga misali, don a gane hanyar lissafin kawai, gama farashi ya danganta ga gari da lokaci. A ce tambari ya ci naira 15,000, fata da zobe da ladan baduku kuwa naira 300 kowane ɗaya. In an yi guda 50, kowane ya tashi a kan naira 600. In an yi 300, kowane ya sauko naira 350. Baɗi kuwa, tun da tambari na nan, naira 300 ne kawai. Watau yawa shi ke kawo araha, kuma tambari dukiya ce wadda ya kamata mai shago ya karɓa ya ajiye a hannunsa, kada ya bar ta wurin mai aiki.

Amma kada son araha ya sa mutum ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Daga riba a ke fitar da kuɗin kyauta, ba a taɓa uwar kuɗi, ba a kuma cin bashi dominta. Mai hankali ya kan jefa ɗan abu a asusu kowace ranar kasuwa, har lokaci ya yi. Waɗanda ba za su iya su kaɗai ba sai su haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kasuwa goma sha biyu masu sana'a daban-daban za su iya buga kalanda ɗaya, kowa da gurbinsa, su raba kuɗin ɗab'i.

Lokacin rabo ma abin dubawa ne. Goshin Salla da kaka su ne lokutan da kuɗi ke hannun mutane, su ne kuma lokutan da masu aiki ke cika da aiki. Don haka a ba da aiki da wuri. Kalandar da ta fito bayan shekara ta yi wata uku, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta ya tafi banza. Bayan rabo kuma, mai shago ya rubuta waɗanda ya ba, ya riƙa tambayar sabon mai saye inda ya sami lambarsa. Ta haka zai san ko kyautar ta biya kuɗinta, ko kuwa baɗi ya sake wata.

Aikin Malamai

Abu uku ya kamata a rubuta: sunan shago, abin da a ke sayarwa, da lambar waya. In wuri ya ragu a ƙara kwatancen shago. Dogon kirari cika wuri ya ke yi, ya sa haruffa su ƙanƙance.

Kafin a yanka tambari ko a buga takarda, lalle mai ilmi ya duba rubutun, malaman hakimai kuwa sun fi kowa cancanta da wannan taimako. Lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce, in ɗaya ya kuskure, aikin duka ya ɓaci, ko ma a riƙa kiran wani can daban. Hanya mai sauƙi ita ce a buga lambar daga jikin takardar gwaji, a ji ko wayar mai shago ta yi ƙara. A kuma lura da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, gama masu ɗab'i da yawa su kan yar da lanƙwasar, har masaukin baƙi ya koma masaukin baki. Inda masu karatun ajami suka fi yawa, a sa sunan da ajami da boko. Ayoyi da sunayen Allah kuwa, ba a sa su a kan leda ko takardar ƙunshi da duk abin da a ke yarwa.

Abin da Doka Ta Hana

Waɗansu su kan buga hatiminsu a kan takardar naira don suna ya zaga. Wannan laifi ne. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana yi wa naira rubutu ko ɓata ta, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. Haka nan ba a ɗaukar tambarin wani kamfani a liƙa wa kayan kai. Wanda kuma ya ke ciniki da wani suna dabam da nasa, dokar kamfanoni ta 2020 ta nemi ya yi wa sunan rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Gara a yi haka kafin a kashe kuɗin tambari, kada daga baya a tarar sunan na wani ne.

Sauran magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Kyautar talla ta mai saye ce, a fili a ke raba ta, kowa da irin ta kowa. In aka keɓe mai tsada aka kai wa wanda ke riƙe da izni, ko rabon rumfa, ko yanke haraji, to, ta tashi daga talla ta zama toshiyar baki, ko da an buga mata sunan shago. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati neman wani abu ko karɓarsa saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Malamin da ke rubuta wa jama'a takardu ya kiyaye wannan, gama mutuncin ofis ya fi jakar fata tsada.

Abin da A Ke Roƙon Hakimai

Ba a neman hakimi ya kashe ko kwabo. Abin da a ke roƙo shi ne ya tara sarkin kasuwa da shugabannin dukawa da maƙera da teloli, a karanta musu wannan bayani, su san juna. Malami ya rubuta sunayen masu sana'ar gundumar da irin aikin kowa, domin mai neman aiki ya fara dubawa a gida kafin ya aika birni. In aiki mai yawa ne, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: adadin kaya, farashi, kafin alƙalami, da ranar gamawa, a kuma ajiye samfur guda wanda duka biyu suka yarda da shi. Wannan 'yar takarda ta kan kashe rigima tun ba ta iso zaure ba.

In an bi wannan hanya, mai shago ya riƙe abokan cinikinsa, baduku da tela da mai saƙar kaba sun sami aiki, kuɗin kuwa ya zauna cikin gunduma. Allah ya ja zamanin sarakuna da hakimai, ya ba talakawansu sa'ar kasuwa, amin.