Da tsohuwar zuma ake magani: jawabi a kan gyararriyar salula



Maganar yau a kan salula ce. Da ita manomi yake jin kuɗin hatsi a kasuwar Tanut. Da ita makiyayi yake tambayar inda ruwa ya sauka. Da ita uwa take jin muryar ɗanta da ya tafi cin rani.

Amma sabuwar salula tana da tsada. Wani sai ya taɓa rumbu, wani sai ya kai akuya kasuwa. Alhali sau da yawa wadda ta mutu ciwonta kaɗan ne: batir, ko gilashi, ko bakin caji. In mai gyara ya canza abu guda, sai ta tashi.

Gyara yana da riba uku. Mai salula ya tsare hatsinsa. Mai saye ya samu gyararriya da arha. Saurayin da ya koyi gyara a Damagaram ya samu sana'a a gida. Haka ma kwamfuta take.

Mai sayen gyararriya ya kula da abu uku:

1. Ya sa layinsa, ya yi kira a gaban mai sayarwa.
2. Ya duba batir. In ya kumbura, kada ya saya, don yana iya kama wuta.
3. A sa shaidu, kada ya sayi ta sata.

Saura maganar shara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki. Duk salular da aka gyara ta rage wannan tuli.

A cikin sharar akwai guba. Babban batirin sola, wanda ake cajin salula da shi, cike yake da darma. Darma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Ita ce ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, inda ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje.

Saboda haka kada a yar da mataccen batir kusa da rijiya ko tabki. Kada a ƙone shi. Kada yara su fasa shi. A adana shi nesa da su, har a miƙa wa mai gyara.

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah ya ba da damina mai albarka.