Bar, Psi Da Kilofaskal: Yadda Ake Karanta Matsin Iska A Injin Turbo

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni 'yan mintoci in yi magana. Na san wani zai ce ina ruwan ma'aikacin gwamnati da cikin injin mota, ai wannan gonar kanikawa ce. To, gaskiya ne su ke kwance inji su ɗaure, amma mu ke biyan kuɗin. Da yawa daga cikinmu sai mun yi shekaru muna tari, ko mun ci bashin ofis, kafin mu mallaki 'yar motar da muke hawa, kuma idan injinta ya tashi aiki, albashin wata uku ba lalle ya tashe shi ba. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan wani ɗan lissafi da ke iya raba mutum da injinsa, wato ma'aunin matsin iska a mota mai turbo.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, ko ba ka nemi turbo ba, yana nan tafe zai iske ka. Kamfanonin mota sun koma ƙera ƙananan injuna suna haɗa su da turbo don rage shan mai. Honda Accord ta 2018 ta fito da inji mai lita 1.5 da turbo. Toyota Highlander ta 2023 ta ajiye injinta mai silinda shida ta ɗauki mai silinda huɗu da turbo. Hilux mai shan gas da ma'aikatunmu ke shiga ƙauyuka da ita, ita ma turbo gare ta. Waɗannan su ne motocin da ke biyowa ta Ikko da Kwatano su iso garejinmu.

Bari mu fara da aikin turbo kansa. Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai, mai kuwa ba ya ci sai da iska. Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska ne gwargwadon abin da sarari ya tura masa. Shi kuwa turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyu kuma ta danna sabuwar iska cikin inji. Sandar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya. Idan iska ta ƙaru sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905. Ƙananan motoci na farko da aka sayar da ita sun fito a Amurka a 1962, sannan a 1978 Mercedes-Benz ya fitar da 300SD mai shan gas da turbo.

Wannan danna iska da turbo ke yi shi ne ƙarin matsi, wanda za ku ga an rubuta boost a jikin gejinsa. Kafin mu auna ƙarin, sai mun san asalin.

Dukkanmu a ƙarƙashin nauyin iska muke zaune, ko da yake ba ma jin sa. A 1643 wani masani ɗan Italiya mai suna Torricelli ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa bakinsa cikin kwanon zaiba, sai ya ga ta tsaya a tsawon kamar milimita 760. Nauyin iskar sarari ne ya tokare ta. A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa mijin yayarsa ya hau da irin wannan bututu kan dutsen Puy de Dôme, aka ga ana hawa zaibar tana sauka. Wato matsin iska yana raguwa idan aka hau tudu. A bakin teku, iska tana danna kowane wuri mai faɗin farcen babban yatsa da nauyin kamar kilo ɗaya.

To, wannan matsi guda ɗaya ne, amma kowace ƙasa da bakin da take faɗarsa. Amurkawa suna cewa psi, ma'ana nauyin fam a kan kowane inci murabba'i. Wannan mun san shi ko ba mu san sunansa ba, domin idan ka ce wa mai faci ya sa maka iska talatin da biyu, psi kake nufi. Mutanen Turai, musamman Jamusawa, bar suke amfani da shi, wani lokaci su raba shi dubu su ce milibar. Ma'aunin kimiyya na duniya kuwa shi ne faskal, wanda aka amince da shi a 1971 don tunawa da Pascal, kuma da yake ƙanƙane ne ƙwarai, sai a tara dubu a ce kilofaskal, a rubuta kPa. Tsofaffin motocin Japan kuma suna da nasu, kilogiram a kan santimita murabba'i.

Ga lissafin da nake roƙon kowa ya rubuta a bayan katin gayyatarsa. Bar 1 daidai yake da kPa 100, daidai da milibar 1,000, daidai da psi 14.5. Psi 1 kuwa kPa 6.9 ne. Ma'aunin Japan ɗaya shi ne bar 0.98, don haka kusan abu guda ne da bar. Matsin iska a bakin teku kPa 101.3 ne, ko psi 14.7, wato bar ɗaya da ɗan ɗoriya.

Alal misali, idan littafin motarka ya ce ƙarin matsinta bar 0.8 ne, a gejin Amurka za ka ga psi 11.6, a na kimiyya kuma kPa 80. Duk abu ɗaya ne. Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya dubi lamba ya manta da ma'auni. Wanda ya ji an ce "sha biyu", ya ɗauki geji mai bar ya saita a 1.2 yana zaton su ke nan, ya kai motar psi 17.4 a maimakon 12, kusan ƙarin rabi ke nan. Malamanmu na kimiyya da ke zaune a nan za su tuna yadda suke rage mana maki idan muka rubuta amsa tsirara babu ma'auni, mu kuwa muna ganin tsanani ne. Allah Ya saka muku da alheri, a gareji ba maki ake ragewa ba, fistin ne ke narkewa.

Akwai tarko na biyu wanda ya fi na farko kama mutane, har da ƙwararrun kanikawa. Ana iya ƙidaya matsi daga wuri biyu. Geji mai allura, irin na mai faci, yana farawa ne daga iskar da ke kewaye da mu, shi ya sa idan ka ajiye shi a kan tebur yake nuna sifiri, alhali iska tana danna shi. Amma a motoci da yawa, na'urar da ke cikin inji tana sanar da kwamfutar mota, tana ƙidaya ne daga inda babu iska sam. Wannan shi ne cikakken matsi. Tsakanin ƙidayar biyu akwai tazarar kusan bar ɗaya. Kamar mutum biyu ne ke faɗin tsawon bene, ɗaya ya auna daga daɓen ƙasa, ɗaya daga gindin fandisho.

Dubi yadda wannan ke jawo hasara. Bakanike ya jona na'urar bincike a mota, ya ga kPa 180. Idan ya ɗauka ƙarin matsi ne, sai ya ce turbo yana bugawa fiye da kima, a sayo wani. Alhali idan aka cire 100 na iskar sarari, saura 80, wato bar 0.8, lafiya lau. Mai mota ya sayi abin da ba ya bukata. Juyin wannan ya fi muni. Na'urorin binciken Volkswagen da Audi sukan nuna cikakken matsi da milibar. Idan aka ga 1,800, aka kawo geji mai allura aka yi ta ɗaure turbo har allura ta kai bar 1.8, to cikakken matsin ya zama 2,800. An ɗora wa inji fiye da rabin abin da aka ƙera shi ya ɗauka a kan nasa.

Hanyar gane wanne ake nuna maka ba ta da wuya. A murɗa makulli fitilun gaban direba su kama, amma kada a tayar da inji. Idan na'ura ta nuna sifiri ko kusa da shi, ƙarin matsi take ƙidayawa. Idan ta nuna wajen kPa 100, ko milibar 1,000, ko psi 14, cikakken matsi ne, sai a riƙa cire wannan lambar daga duk abin da ta nuna bayan an tayar.

Lambar da za a cire ta danganta da garin da kake, kamar yadda gwajin Pascal ya nuna. A Ikko wajen kPa 101 ce. A Kano, da ke bisa teku da mita ɗari huɗu da wani abu, wajen 96. A Jos, mai tudun kamar mita 1,200, wajen 88. Shi ya sa motar da ba ta da turbo take yin sanyin jiki a Jos, domin iskar da take zuƙa ta ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Mai turbo tana iya cike giɓin, amma da ƙarin wahala: kafin ta kai cikakken matsi na kPa 180, a Ikko 79 za ta ƙara, a Jos sai ta ƙara 92.

Wani zai tambaya, tun da ƙarin matsi ƙarin ƙarfi ne, me zai hana a ƙara? Abin da zai hana shi ne zafi. Duk iskar da aka danna sai ta yi zafi, wanda ya taɓa ba keke iska da famfo ya san haka. A ranar bazara mai zafin digiri 40, iskar da turbo ya ninka matsinta biyu tana iya fita da zafin da ya haura digiri 120. Don haka ake sa wani abu mai kama da lagireto, intakula, ya sanyaya ta kafin ta shiga inji. Idan matsi da zafi suka yi yawa a injin fetur, mai yakan fashe da kansa ba bisa tsari ba, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewa ita ke cinye bakin fistin, ta ƙona gasket. Man da bai kai ingancin da kamfani ya tsara ba yana gaggauta ta. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka sa wata 'yar ƙofa a jikin turbo, westiget, wadda ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi da zarar matsi ya kai iyaka. Duk wanda ya ce zai ɗaure maka wannan ƙofa don mota ta ƙara gudu, birkin injinka yake shirin cirewa.

Haka kuma, kada hankalin kowa ya tashi idan ya ga allurar geji ta faɗi ƙasa da sifiri a motar fetur lokacin da take tsaye inji na aiki. Totur a rufe yake, inji yana zuƙa ne, shi ya sa matsin ciki ya gaza na waje. A gejin Amurka wannan ɓangaren da incin zaiba ake rubuta shi, wato fuska ɗaya ma'auni biyu: lamba 20 da ke hagu da lamba 20 da ke dama ba danginsu ɗaya ba. Sannan ba a auna ƙarfin turbo mota na tsaye ana taka totur. Sai tana tafiya cikin giya, tana jan nauyi, matsin yake cika.

A taƙaice, idan aka ce maka turbon motarka ya mutu ko yana bukatar saiti, kafin ka sa hannu a aljihu yi tambaya huɗu cikin ladabi. Malam, da wane ma'auni ka auna? Daga sifiri na'urar ke ƙidaya ko daga iskar waje? Nawa littafin wannan motar ya ce? Kuma a kan hanya ka gwada ko a tsaye? Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba, sai ma ya ƙara ganin girmanka. Bayan haka a sa ya duba tiyo-tiyon iska da maɗauransu, domin tsaga ƙarama a tiyo tana zubar da matsi har a ɗora wa turbo laifin da ba nasa ba. A riƙa canja filtar iska a kan kari, balle lokacin hunturu da ƙura ke tashi. A zuba baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta, tun da shi ke ɗauke da sandar nan mai gudun tsiya. Bayan doguwar tafiya kuma a bar inji ya yi aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, sandar ta huce. Rigakafi dai ya fi magani.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga ƙungiyarmu. Cikin abin da muke tarawa don taimakon makaranta, a ware ɗan wani abu a sayi gejin matsi ko da guda uku ne, ɗaya mai psi, ɗaya mai bar, ɗaya mai kPa, a ajiye a ɗakin kimiyya. Yaron da ya auna taya ɗaya da geji uku, ya ga lamba uku a kan iska guda, ba zai ƙara rubuta amsa babu ma'auni ba. Cikin waɗannan ƙanne namu ne kanikawa da injiniyoyin gobe za su fito, kuma motocinmu a hannunsu za su kwana.

 Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya da tsawon rai, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.