Ƙarar Murhu Tana da Ma'ana

Wannan shi ne jawabin da wani malamin tsabta ya yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, a Birnin Gwari.

Bayan sallama, malamin ya ce duk mai hura wuta ya dinga sauraron murhunsa. Idan itace yana "tsuuu" kuma kumfa na fitowa a bakinsa, ɗanye ne. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne. Wuta za ta ɓata ƙarfinta wajen busar da shi, tuwo ya daɗe bai nuna ba, hayaƙi ya cika madafa. Hayaƙin nan ne ke sa uwargida da ɗan da ke goye tari da ciwon ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya kashe mutum fiye da miliyan 3.

Ya ce ya san itace ya yi wuya. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan sun sa mutane sara a gurguje, kuma tun 1999 dajin Kamuku ya zama gandun Gwamnatin Tarayya, ba a sara a cikinsa. To, ɗan abin da aka samu kada a ƙona shi ɗanye. A faskara shi, a jera a kan duwatsu inda iska ke ratsawa tun da rani.

Itace mai ƙaro, irin su maje, shi ke fashewa "tas" yana tartsatsi. Da hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye jinka da rumbu. Haka dutsen da aka ɗauko daga rafi: ruwan cikinsa kan tarwatsa shi in ya yi zafi.

Daga nan ya juya kan masu gidan burodi da masu murhu mai bututun hayaƙi. Ƙarar "ƙas-ƙas" da bututun kwano yake yi ba komai ba ce, ƙarfe ne ke miƙewa da zafi. Wadda ake tsoro ita ce rugugi kamar na guguwa a cikin bututu. Kunkunniyar da ta taru ce ta kama wuta. Nan take a toshe bakin murhu don iska ta yanke, a fitar da yara, a jiƙa rufin ɗaki, a kira maƙwabta.

Kada a bari ta kai ga haka. Duk wata, bayan murhu ya huce sarai, a ɗaura tsumma a kan gora a goge cikin bututu daga sama har ƙasa. In hayaƙi na dawowa ɗaki, a duba ko tsuntsu ya yi sheƙa, ko zanzaro ya yi gini a ciki. Inda ya tsage a yaɓe da laka.

Wata uwargida ta tambaya ko gishiri na wanke bututu. Malam ya yi dariya ya ce a bar gishiri a miya, a nemi gora.