DUSHEWAR MURYA DA CIWON MAƘOGWARO: ABIN DA ZA A YI A GIDA

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi in yi bayani a kan wata lalura ta lafiya wadda ta shafi kowa, sai na zaɓi dushewar murya. Mai yiwuwa wani ya ga abin bai taka kara ya karya ba. To amma a cikin wannan zaure akwai malaman makaranta da lauyoyi da ma'aikatan gidajen rediyo, akwai ladanai da masu wa'azi, akwai kuma 'yan kasuwa da 'yan kamasho na tashoshin mota. Dukkansu da murya suke neman abinci, kuma ranar da ta ɗauke, sana'a ta tsaya ke nan.

Yadda murya take fita

A bayan zakaran wuya akwai wasu tantani guda biyu, waɗanda tsawon kowanne bai wuce santimita biyu da rabi ba. Waɗanda suka yi nazarin Hausa a makaranta za su tuna da su da sunan tantanin maƙwallato. Idan mutum yana numfashi sukan buɗe iska ta wuce, idan kuwa zai yi magana sai su matso su haɗu, iskar da ta taso daga huhu ta riƙa kaɗa su. Wannan kaɗawa ita ce murya. A wajen namiji sukan kaɗa kimanin sau 120 a cikin daƙiƙa ɗaya, a wajen mace kuwa sau 200 ko fiye. Ke nan malamin da sautinsa ya yi awa guda yana fita, tantanin nan sun bugi juna fiye da sau 400,000. Idan suka kumbura ba za su haɗu daidai ba, shi ne za a ji murya ta shaƙe, ko ta yi kauri, ko ta ɗauke baki ɗaya, tare da ƙaiƙayi da zafin maƙogwaro da busasshen tari.

Abubuwan da ke kawo ta

Mafi yawan lokaci ƙwayar cutar mura ce takan gangara zuwa maƙogwaro. Na biyu shi ne wahalar da murya, kamar ihu a filin ƙwallo ko a taron siyasa, da guɗa a gidan biki, da koyar da aji mai cike da yara ba tare da lasifika ba. Na uku shi ne abin da muke shaƙa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan zo da ƙura da bushewa, mu kuma mazauna birni mun ƙara da hayaƙin janareto da na ababen hawa, da sanyin na'urar ofis wadda take busar da iska, ga kuma taba sigari da shisha. Na huɗu shi ne ƙwannafi, domin ruwan ciki mai tsami yakan taso cikin dare ya ƙona tantanin murya, mutum ya wayi gari da shaƙaƙƙiyar murya alhali ba ya mura.

Abin da za a yi a gida

Babban magani shi ne hutu. Dushewar da mura ta kawo takan tsananta a kwana uku na farko, sannan ta warware da kanta a cikin mako ɗaya zuwa biyu, muddin an ƙyale tantanin sun huta. Wanda ya gurɗe a ƙafa ba ya shiga tsere, haka nan wanda muryarsa ta dushe bai kamata ya shiga aji ko ya hau mumbari ba. A rage magana iyakar iyawa na kwana biyu ko uku. Malami ya ba da aikin rubutu a allo, ladan ya wakilta wani, ɗan kasuwa ya bar yaronsa ya yi ciniki, mai waya ya aika da saƙon rubutu. Idan magana ta zama dole, a matso kusa da wanda ake yi wa, a yi ta a hankali da murya ta sosai.

Ina so a lura da wannan da kyau: raɗa ba hutu ba ce. Mai raɗa yana matse maƙogwaronsa yana tura iska da ƙarfi, wanda hakan kan ƙara gajiyar da shi. Haka nan yawan kaki da gyaran murya, domin kowane gyara buga tantanin ne da juna. Idan aka ji wani abu ya tsaya a wuya, a kurɓi ruwa a haɗiye.

Abu na biyu shi ne laima. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai har fitsari ya yi haske. Ya kamata a sani cewa abin da muka sha ba ya bi ta kan tantanin murya, hanyarsa daban, sai ya shiga jiki sannan amfaninsa ya iso gare su. Abin da ke kai musu laima kai tsaye shi ne tururi, shi ya sa sirace yake da amfani. A zuba ruwan zafi zalla a kwano, a lulluɓa da tawul, a shaƙi tururin na minti 10, sau biyu ko uku a rana. Ba sai an zuba man zafi ko wani ganye ba. Kada a yi wa ƙananan yara irin wannan sirace, saboda haɗarin ƙuna. Da daddare a lokacin hunturu, a shanya jiƙaƙƙen zane a ɗaki, a kashe turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, a kwana cikin gidan sauro. Mai fita kan babur ya rufe hanci da baki da takunkumi. Kakanninmu da suke jan amawali idan za su yi tafiya cikin ƙura sun san abin da suke yi.

Game da zafin maƙogwaro, a narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro a zubar. Zuma cikin ruwan ɗumi tana lafar da ƙaiƙayi da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Shayin citta mara ƙarfi ba laifi, sai dai a guji haɗin nan na barkono da masoro da lemon tsami da ake cewa yana buɗe murya, musamman ga mai ƙwannafi, domin garin neman gira ana iya rasa ido. Babban mutum zai iya shan farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakanin sha da sha aƙalla awa huɗu, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin awa 24. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi asfirin. Mai ƙwannafi ya ci abincin dare da wuri, ya bar tazarar awa uku kafin ya kwanta, ya kuma ɗaga wajen kan gadonsa.

Abubuwa biyu da za a kiyaye

Na farko, sayen kafso a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Magungunan kashe bakteriya ba su da tasiri a kan ƙwayar cutar mura, kuma binciken likitoci bai nuna suna dawo da murya da wuri ba. Asarar kuɗi ce, sannan yawan shan su yana sa su daina aiki ranar da ake buƙatarsu da gaske. Na biyu, kai mara lafiya wajen wanzami a cire masa beli. Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, tantanin murya kuwa suna ƙasa a cikin wuya, babu abin da ya haɗa su. Abin da yankan kan jawo shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Lokacin da za a tafi asibiti

A garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan numfashi ya yi wuya ko yana fita da ƙara, ko mutum ya kasa haɗiyar yawunsa, ko yaro yana tari mai kama da haushin kare yana jan numfashi da ƙyar. Haka nan idan aka ga zazzaɓi da kumburin wuya da wani tantani mai launin toka a maƙogwaro, domin alamun mashaƙo ne, cutar da ta ɓarke a ƙasar nan a ƙarshen 2022, ta kuma yi ɓarna ƙwarai a Jihar Kano a 2023. Allurar rigakafin yara tana kare su daga ita.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa a ɓoye. Muryar da ta haura mako uku ba ta dawo ba ta wuce maganin gida. Tana iya zama ƙullutu a kan tantanin, irin wanda malamai da mawaƙa kan samu, ko tarin fuka, ko ciwon daji na maƙogwaro, musamman ga mai shan taba wanda ya haura shekara 45, ko wanda yake ramewa, ko yake tari da jini. A nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar a asibitocin koyarwa ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Yakan zura wata siririyar na'ura mai fitila ta hanci ya ga tantanin da idonsa cikin 'yan mintoci. Ciwon dajin wannan wuri, idan aka gano shi da wuri, yana cikin waɗanda aka fi samun nasarar warkarwa, kuma sau da yawa mutum yakan tsira da muryarsa. Idan aka yi jinkiri kuwa, wani lokaci sai an cire maƙwallaton gaba ɗaya.

Kammalawa

Roƙona gare mu da muke zaune a birni shi ne, mu da iyayenmu na gida yawanci a waya muke gaisawa, saboda haka mu ne muka fi kowa jin muryarsu. Idan ka kira mahaifinka ka ji muryarsa a dushe, ka sake kira bayan mako uku ka ji tana nan yadda take, kada ka aika da kuɗin zuma ka yi shiru, kuma kada ka yarda da cewa tsufa ne. Ka aika da kuɗin mota, ka ɗauko shi, ka kai shi a duba.

 Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.